Kun Haɗa Ni Faɗa da Surukata a Kan Fim ɗin Koriya

Zuwa ga Manajan ƙaramin gidan siniman da ke wajen Balsall Heath,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ƙara na kawo, kuma kai nake ƙara.

Na ɗaya. Surukata Hajiya ta zo nan ƙasar Turawa daga Kano ganin jika, kuma finafinan Koriya ne abin sonta. Ranar Asabar matata tana wurin aiki, na ga tallanku na makon finafinan Koriya, sai na ce bari in yi gwaninta in kai ta. A hoton akwai samari biyu, masunci da tela, da wata budurwa a bakin teku. Duk mai hankali zai ɗauka yarinyar suke takara a kai. Ashe ƙanwar ɗayansu ce.

Na biyu. Ni ko abinci ba na ci a gaban Hajiya saboda kunya. Amma ba ta karanta Turancin da kuke rubutawa a ƙasan allo, don haka na zama tafinta, ina yi mata raɗa. Da masuncin ya gaya wa telan yana ƙaunarsa, na ce ɗinkinsa yake yabawa. Da suka riƙe hannu, na ce sanyin ƙasar ne. Da fuskokinsu suka fara matsowa kusa a tashar jirgi, telan yana kuka, na ƙirƙiro tari, na fito da ita.

Na uku, kuma nan ne ya fi yi mini ciwo. A cikin bas Hajiya ta sanar da ni cewa tun da telan ya tsince wa masuncin ƙayar kifi ta gane komai, domin haka ta riƙa yi wa mijinta marigayi Alhaji. Ba ta ce ta yarda da abin ba, ba ta ce ta ƙi ba. Ta dai ce na baro ɗan mutane a tashar jirgi yana kuka, ba ta san makomarsa ba. Tun ranar ba ta amsa gaisuwata, kuma mako mai zuwa za ta koma gida da wannan labari nawa.

Roƙona shi ne ku sake nuna fim ɗin kafin ta tafi, ku kuma daina sa ƙanne a hoton talla. Tafinta ba sai kun nemo ba, ta ce ba ta buƙata. Ni zan jira ta a waje.

Allah ya ƙara maka kasuwa, ya raba ka da zama kusa da surukarka a irin wannan rana.

Wassalam.

Naka, wani suruki daga Sparkbrook.