Gaurakan Baba

Talata, 9 ga Satumba, 2014

Baba ya iso daga Zabarmari. Ya bar shinkafarsa a gona, ya bar tabarma da bargo, amma ya taho da gauraka a rungume cikin buhu, kai a waje. Mai keke napep sai da ya yi ta mita har unguwarmu Bulumkutu. Ɗaki biyu gare mu, ni da 'yata Mu'mina, tsakar gidan kuwa shanya ma da ƙyar. Na ce Baba, mutane suna gudu da ransu, kai da tsuntsu? Ya ce shi ma rai ne.

Alhamis, 11 ga Satumba

Kukansa kamar an busa ƙaho. Maƙwabta sun fara leƙe ta katanga. Fiffikensa ɗaya a karye yake tun da Baba ya cire shi daga tarkon maharba, macen kuma sun riga sun tafi da ita. Ba ya tashi. Yini yake yana zagaye, daga randa zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa randa. Ni ma tun da aka rufe makarantu aikina ke nan. Ba na son kallonsa.

Asabar, 20 ga Satumba

Anti Rhoda ta layin bayanmu ta ji kukan, ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba. A jami'a take aiki, da tana zuwa bakin Tafkin Chadi ƙirga tsuntsaye, yanzu ko Khaddamari ba ta iya zuwa. Ta daɗe a tsugune tana duban tukkun nan nasa mai ruwan zinari. Ta ce rabonta da ganin gauraka a daji ta manta; kama su ake ana kai wa gidajen masu kuɗi don ado, a can kuma ba sa haihuwa. Baba ya ce lokacin yarintarsa sukan rufe fadama. Sai suka zauna suna lissafa wuraren da kowannensu ya taɓa gani, duk garuruwan da yanzu ba mai shiga. Ta ce idan an samu lafiya akwai fadamun wajen Nguru, ko da ba zai tashi ba zai taka laka. Idan an samu lafiya. Na tashi na ɗora tukunya.

Laraba, 15 ga Oktoba

Wani Alhaji ya aiko direbansa, Audu. Wai jibi iyalinsa za su Kano da rakiyar masu bindiga, akwai wurin mutum uku, in Baba zai bar masa tsuntsun. Kano! Mijina Zayyad yana can tun bara, kullum a waya sai ya ce mu taho, ni kuma tsoron hanyar Damaturu a motar haya ya hana ni. Baba bai ko ɗaga kai ba. Ya ce a gaida Alhaji.

Na yi magana. Na ce jikarsa fa? Ya ce, "Ke ki tafi da ita, Khairu, ban riƙe ki ba." Ya san ba zan bar shi da ciwon ƙirjin da yake fama da shi ba. Ya kuma san ba tsuntsu ba mota.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Sun tafi. Yau ban zuba masa tsaki ba.

Lahadi, 25 ga Janairu, 2015

Harbi tun safe, an hana fita kwata-kwata. Muna kwance a ƙasa, Mu'mina ta cusa kai a cikina. Duk lokacin da wani abu ya fashe sai gaurakan ya amsa. Maƙwabcinmu ya ɗaga murya ta katanga, a yanka abin nan kafin ya jawo mana. Baba ya rarrafa ya jawo shi ɗaki, ya rufe masa kai da hularsa. Nan take ya yi tsit. Haka muka yini mu huɗu, ina jin zuciyarsa tana bugawa a jikin ƙafata. Ban san tsuntsu yana rawar jiki ba.

Litinin, 9 ga Fabrairu

Baba ya rasu jiya bayan azahar. Allah ya jiƙansa. Bai bar wasiyya a kan tsuntsun ba, ko kalma.

Asabar, 14 ga Fabrairu

Ba ya ci. Yana tsaye a ƙofar ɗakin Baba. Anti Rhoda ta kawo fara a leda, ya ƙi. Da na miƙa masa da hannuna ya karɓi biyu. Yunwa ce kawai ta ci shi, ina ga.

Alhamis, 26 ga Fabrairu

Audu direba ya zo ta'aziyya, daga baya ya ce Alhaji yana nan a kan maganarsa, mota za ta sake tafiya ran Lahadi, yanzu ai ba abin da ya rage mini a nan. Gaskiyarsa. Na ce zan yi tunani. Har ya kai ƙofa sai na ji na ce kada ya wahalar da kansa ya dawo.

Da la'asar na sayi jarka ɗaya ƙari wurin mai ruwa, na haƙa gefen katanga na zuba. Gaurakan ya shiga, ya yi ta tattaka lakar, har da ɗan tsalle, fiffike ɗaya a buɗe. Mu'mina ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Zayyad ya kira. Na ce masa hanya ba ta yi kyau ba tukuna. Ai ba ƙarya na yi ba.