Muryar Kawu a Zauren 'Yan Gida

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa daga Filinge. Ina gajiya? Yaya maigidan da yara can Abijan? Mu nan lafiya lau.

Rigimar zauren danginmu na intanet ta ƙare, alhamdulillahi. Mu 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, mun nace kan manhajar rubutu zalla, muka manta Kawu Mamman bai yi boko ba. Ya ce wato ko labarin rasuwa sai an karanta mishi? Kwana uku bai amsa gaisuwata ba. Kunya ta kama ni, muka koma wadda ke ɗaukar murya.

Jiya ya yi magana ciki, gida-gida ya gaida kowa, hankalina ya kwanta.

A sa mu a addu'a, ki gaida 'yarki Zali. Ki shiga zauren ki saurari Kawu, da sunanki ya fara.

Ƙanenki, Idi