Na Shafe Wa Hisham Mutanensa

Dogo-Dogo, Litinin

Gaisuwa ta manya daga Maikano sarkin maginan ƙasar Dungas kaf, zuwa ga Yaya Ramatu da maigidanki da yara da makwabta, har akuyar gidan in tana ji! Ya Damagaram, ya ƙafar taki? Yi haƙuri da rubutun, kin san ni da makarantar lakwal gaisuwa kawai muka yi.

Mu lafiya lau, sai autanmu Hisham. Wata huɗu ke nan da soja suka sallamo shi daga Diffa, har yau bai ce uffan ba. Ni da nake sa mutane dariya a gidan makoki na kasa. Sai dai ya samu gawayi yana ta zanen fuskoki a katangar baya, sha ɗaya cif. In ya yi zane yana cin tuwo. Jibi zan yi wa gida yaɓe kafin ruwa, irin wanda ko a Magarya babu.

Naki,
Maikano

Dogo-Dogo, Asabar

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Yau ba wasa.

Na yi ɓarna. Hisham ya raka Baba gona, ni kuma na bi katanga da laka tas, har ta bayan. Wallahi na ɗauka zanen ɓata lokaci ne. Ashe fuskokin 'yan rukuninsa na soja ne da motarsu ta taka nakiya, shi kaɗai ya fito. Inna ta sani, ba wanda ya gaya min. Da ya dawo ya tsaya yana kallon katangar, ko zagina bai yi ba. Kwana uku ko ruwa sai an matsa masa. Jiya aka gan shi tsaye bakin rijiya ba guga. Baba ya ɓoye igiyoyi da wuƙaƙe, ni ke bin bayan Hisham.

Ki yi addu'a.
Maikano

Dogo-Dogo, Laraba

Yaya, sannunku duka.

Rasa abin yi ya sa na kwaɓa sabuwar laka na shafa a wurin zanen, na ja hannun Hisham na danna a ciki, ina jiran mari. Ya daɗe. Sai yatsa ya fara tafiya, ga hanci, ga kunne. Da ya gama ya kira sunan mai fuskar, ya ce Nazir. Maganarsa ta fari ke nan, Inna ta saki ƙwarya.

Yanzu ni ke kwaɓi shi ke zane, sarkin magina ya koma lebura. Mun yi fuska bakwai, saura huɗu, jiya ya ci tuwo rabin kwano. Amma hadari na haɗuwa gabas, laka ɗanya ce, ruwa ɗaya zai wanke su, kuma ba na jin zai iya rasa su karo na uku.

Ki aiko min leda babba mai kauri ta rufe katanga, taku goma sha biyu, a motar ran kasuwa. Kar ki jira wata motar.

Ƙanenki,
Maikano