Shida da Bakwai

Mansura, Doha
9 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga Yaya Basiratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Baba? Kin ce kunnen ya ƙara nauyi, waya ba ta yi masa amfani, to Allah ya sawwaƙe. Shi ya sa na koma rubutu da hannu ina turo miki hoton takardar. Abin da ya dace ya ji ki karanta masa, wanda bai dace ba ki haɗiye.

Ni lafiyata ƙalau. Aiki na nan yadda kika sani, gadi a ƙofar benen ofisoshi a Al Mirqab, daga shida na safe zuwa biyu, in duba katin mai shiga, in nuna wa baƙo lifta.

Ki gyara zama, ƙanwarki za ta shiga littafi. A hawa na tara akwai wani ɗan kamfani mai buga labarai cikin zane, irin na jaruman nan masu tashi sama suna ɗaga mota da hannu ɗaya. Mai zanen nasu wata yarinya ce 'yar Masar, sunanta Dina. Ranar Talata na sauke takunkumi ina shan ruwa, sai ga ta ta fito daga lifta. Ta tsaya cak tana kallon tsagar fuskata har kofin shayinta ya karkace. Ba tsoro na gani a idonta ba, kwaɗayi ne, irin kallon da marigayiya Inna kan yi wa atamfa a kasuwa. Nan take ta roƙe ni in bari ta zana ni.

Ta yi mini bayani cewa a irin waɗannan littattafai akwai mutanen da ake haifa da wata halitta daban, jikinsu ya zo da baiwar da sauran mutane ba su da ita, wasu su yi alheri da ita, wasu su yi ɓarna. Ni cikin masu ɓarnar za ta sa ni. Ba ma babbar muguwa ba, ƙarama, shafi uku kacal, jarumin ya kama ni ya wuce gaba. Tsagata za ta riƙa haske kamar garwashi, duk wanda ya kalla sai ya manta hanyar gidansu. Sunan da Larabci ne, ma'anarsa Uwar Layuka.

Na yi ta dariya har abokin aikina Abdul-Ganiyu ya leƙo. Bayarabe ne ɗan Ilori, kin kuwa san wasan da ke tsakaninsu da mu Gobirawa, ba ya kirana sai baiwarsa. Ya ce ai Dina ba ta ƙirƙiri komai ba, kowace Bagobira da muguntarta ake haihuwarta. Na ce masa ya koma bakin ƙofa, uwargijiyarsa na magana da baƙuwa. Takardar izini kuwa ko karanta ta ban tsaya yi ba na sa hannu. Muguwa ko ba muguwa ba, wa aka taɓa zanawa a gidanmu?

Kin tambayi dalilin da duk hoton da na turo da takunkumi a fuskata, alhali korona ta wuce tuntuni. Sanyin na'urar ofis ne ke sa ni mura, kada ki ba abin wata ma'ana.

Ki gaishe mini da Baba da kyau, da duk wanda ya tambaye ni a Sabon Birni.

Ƙanwarki,
Haulatu

Mansura, Doha
17 ga Maris, 2024

Yaya Basiratu,

Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Yaya ibada, yaya yara da azumi? Allah ya karɓa mana.

Saƙonki ya iso, kuma sau uku na karanta shi a cikin jirgin metro har na wuce tashata. Ashe Baba ya daɗe yana karɓar wayarki yana duba hotunana ɗaya bayan ɗaya. Ashe ya ce ya san abin da nake ɓoyewa, kuma laifinsa ne, da ya tsaya da ƙafarsa a gaban Kaka da ba a yi mini tsaga ba, kamar yadda ba a yi wa ƙannena ba. Har ya ce ki roƙe ni in yafe masa. Yaya, mutum mai shekara saba'in da huɗu, wanda ya koyar da rabin garinmu karatu, shi ke roƙon gafarata. Na ji kunya, na kuma ji zafi.

Tunda an zo nan, bari in faɗa miki gaskiya, ba mura ba ce. Makona na farko a ƙasar nan wata mata ta ja ɗiyarta gefe a cikin jirgi saboda ni. Washegari sufabaizanmu ya ce ba dole ba ne, amma baƙi za su fi sakin jiki in na ci gaba da rufe fuska. Na rufe don in huta da bayani, sai abin ya zama jiki, shekara uku ke nan. Ban taɓa jin haushin Baba ba ko na rana ɗaya, amma na ga yadda hoto zai faɗa masa akasin haka.

To ga wata sabuwa. Jiya Dina ta sauko da shafukan nan uku tana murna ta nuna mini. Zanen ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, ta ba ni doguwar riga baƙa da kafaɗun da ban taɓa mallaka ba. Amma na ƙirga tsagar, shida nan, shida can. Ta ce haka ya fi daidaita a ido. Ban gama haɗiye wannan ba na buɗe shafi na biyu, inda ake nuna dalilin da Uwar Layuka ta zama muguwa. Ɗaki ne mai duhu, jaririya a ƙasa, uba a tsaye a kanta da wuƙa. Abdul-Ganiyu ya karanta mini rubutun da ke ƙasa, wai mahaifinta ne ya yanka mata fuska tun tana cikin tsumma, shi ya sa ta tsani duniya. Ko shi da bakinsa ba ya rufuwa bai yi tsokana ba.

Fuskata ce sak a littafin nan, duk wanda ya san ni zai gane. Bayan Sallah za a buga, a kuma sa a waya. Kin san 'ya'yanki, kwana biyu ba za a yi ba sun kai wa Baba suna murna ga Anti a littafi. Ba ya buƙatar jin Larabci, hoton kaɗai ya isa ya tabbatar masa da abin da yake zargin kansa da shi.

Kada ki karanta masa wannan. Ki ce masa dai amsarsa na nan tafe, daga hannuna. Na sa hannu a takarda, gaskiya ne, amma ban sa hannu a kan a yi wa ubana ƙazafi ba. Wannan shafin ba zai fita ba, ki rubuta ki ajiye.

Taki,
Haulatu

Mansura, Doha
14 ga Afrilu, 2024

Yaya Basiratu,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na ga hoton yara da sababbin kaya, Wasilatu ta kusa kamo ki a tsawo.

Na hau hawa na tara. Da na tashi aiki ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan wasiƙata, na shiga lifta da kayan gadina, na cire takunkumin na cusa a aljihu. Ofis ɗin ya yi tsit da na shiga. Na ja kujera na zauna gaban Dina, na kama yatsanta na ɗora a kuncina na ce ta ƙirga. Ta ƙirga shida, ta juya ɗaya gefen ta ƙirga bakwai. Na ce mata wannan ba ado ne da ake daidaitawa ba, shida da shida ba ɗiyar kowa ba ce.

Sannan na ba ta labarin yadda ake yi. Na ce ba ɗaki mai duhu ba ne, da hantsi ne, gida cike da mata, an yanka rago. Wanzami ne ke yi, Kaka ce ta riƙe ni, ubana kuwa yana ƙofar gida yana rabon goro don ba zai iya jin kukana ba. Na ce kakanninmu sun faro abin ne a zamanin yaƙi, domin in ɗa ya ɓace, ko bayan shekara talatin ne, nasa su gan shi su gane shi.

Ta saurara, har ta ba ni haƙuri, amma ta ce aiki ya riga ya tafi wurin edita, shi ke nan. Ta ce kuma ƙa'idar irin wannan labari ce, dole muguwa ta kasance da wani ciwo a baya, in ba haka ba mai karatu ba zai yarda da muguntarta ba. Ta ƙara da cewa shafi uku ne fa, ba wanda zai tuna da Uwar Layuka. Na ce mata akwai mutum ɗaya da zai tuna, kuma shi kaɗai nake ji.

Batun ciwo kuwa na ce in shi take nema ba sai ta ɗora wa uba wuƙa ba. Ta zo unguwarmu Mansura ranar Juma'a da yamma ta ga mutane jere a bakin shaguna, kowa da waya a kunne yana kiran gida. Uwar Layuka mace ce ɗauke da adireshin gidansu a fuskarta amma ba ta da halin zuwa, sai ta ga wasu na komawa nasu kullum da yamma, me zai hana ta mantar da su hanya? Daga baya na ji Dina ita ma shekararta huɗu ba ta taka Masar ba.

Ba ta yi mini alkawari ba, ni ma ban roƙe ta ba. Abin da na yi kawai, tun daga ranar ban sake sa takunkumi ba. Sufabaiza ya kalle ni, na kalle shi, ya wuce. Kullum da safe in Dina ta miƙo katinta, sai na duba shi a tsanake kamar ban taɓa ganinta ba, in miƙa mata in ce shida da bakwai. Kwana goma sha ɗaya muna haka. Abdul-Ganiyu ya ce ko a littafi ba a taɓa yin muguwa mai naci irina ba. A rana ta sha biyu ta zo idanunta jawur, ta ce editan ya yarda a sake shafi ɗaya tak, ita kuma za ta bi sauran ta ƙara layin da ya ɓace, ta kuma gyara magana.

Ban ga sabon ba tukuna, amma hankalina kwance yake. Ki gaida maigidanki.

Ƙanwarki,
Haulatu

Mansura, Doha
19 ga Mayu, 2024

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga uba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na ce wa Yaya Basiratu ta buga maka wannan da manyan baƙaƙe, ka karanta da kanka.

Wata mai zane a wurin aikinmu ta sa ni a littafi, za a nuna maka. Kada ka damu da ka ga ni ce muguwar, wasa ne irin na masu labari. Shafi uku aka ba ni, a na ukun wani yaro mai fukafukan ƙarfe ya ɗaure ni da igiya, wanda a zahiri ko katin shiga ba zan bari ya wuce da shi ba. Amma ka duba shafi na biyu. Za ka ga gida cike da mata, da tsohuwa riƙe da jaririya, da wani mutum a ƙofar gida yana rabon goro. A shafi na uku kuma, bayan an ɗaure muguwar, jarumin ya tambaye ta cikin tausayi wa ya yi mata haka a fuska. Ga amsarta, an fassara mini: "Nawa ne suka yi mini, don kada in ɓace."

Ranar Juma'a an kai littafin wurin baje kolin littattafai, aka kafa hoton Uwar Layuka babba a bakin rumfar, ni kuma ina ciki a zaune. Sai ga wani dattijo da kayan direbobi, ya kawo iyalin maigidansa. Na hango shi ya tsaya gaban hoton, ya ɗaga yatsa yana ƙirgawa, ya gama wannan kunci ya koma wancan. Daga nan ya shiga tambayar mutane da guntun Larabcinsa ina mai wannan fuskar take. Da aka nuna masa ni, sai na ga tasa tsagar a ƙarƙashin furfurar gemu. Sunansa Malam Ɗalhatu, mutumin garin Isa ne, shekararsa goma sha tara a ƙasar nan. Bai tambayi sunana ba, ya dai ce, "Ɗiyata, tun yaushe kike nan ba mu sani ba?"

Baba, shekara uku ina garin nan da fuska a rufe, mai yiwuwa mun sha wuce juna a hanya. Laifin nawa ne, ba naka ba. Abin da kai da Kaka kuka yi mini, rana ɗaya aka kafa shi a fili ya yi aikin da aka yi shi dominsa. Saboda haka saƙon da ka aiko ta bakin Yaya na mayar maka da shi, babu abin yafewa a tsakaninmu sai dai ni ka yafe mini.

Ga hotona nan haɗe da wasiƙar, jiya aka ɗauka a bakin aiki. Ka sa tabarau ka ƙirga, suna nan yadda ka bar su.

Ɗiyarka mai neman albarkarka,
Haulatu