Gayya a Gonar Stamatia

Girka, tsakiyar Yuni

Zuwa ga maigidana Radoje,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ka isa gida lafiya. Yaya gajiyar hanya, yaya gwiwar nan taka mai ƙorafi? Idan 'yarmu Gordana ta leƙo ka, ka gaishe min da ita da yaranta.

Na sauka ƙauye lafiya. Amma tsoho, wace irin rayuwa ce muka ɗauko wa kanmu? Shekara arba'in da aure, ga shi mun koma haɗuwa a tashar mota, ka miƙo min makullin ɗakin kayan gona, in miƙa maka na gida, motarka ta tashi kofina bai ko huce ba. Na yi niyyar in ce maka ka rame, sai na ɓige da faɗa a kan rigarka da ba guga. Halina ne, ka riga ka sani.

Ba zan kushe dabarar ba, tunda ni na kawo ta. Dokar ƙasar nan ta ce mai fasfon Sabiya irinmu wata uku kaɗai zai yi a cikin kowane wata shida. Dashen zaitun kuwa babu ruwansa da doka, ban ruwa yake so. Idan mun zo tare, tare za mu tafi, gona ta bushe. Shi ya sa kai uku, ni uku. A baki abin da sauƙi, sai da na wayi gari na dafa kofi biyu kamar kullum na gane abin da na yi wa kaina. Mai gonar, Stamatia, ita ta shanye naka, ta ce ya yi ɗaci.

Ta tsufa, Radoje, fiye da yadda ka faɗa min. Da ɗan yarenmu da ta tsinta a bakin Gordana da ɗan nasu da nake hargitsawa muke hira. Maƙwabtanmu da ke cewa ritaya ce ta sa muka rasa abin yi, su yi ta faɗa. Lokacin yaƙi da muka saka 'yarmu a mota ba mu san hannun da za ta faɗa ba, matar nan ce ta riƙe ta shekara biyu, ta dawo mana da ita da kumatu. Yanzu gobara ta cinye mata gona, ba ɗa ba jika. Wa zai zo mata gayya in ba mu ba?

Na zagaya gonar. Ka dashe ta kaf, har layin bakin kwazazzabo, ko da yake ya karkace kamar mai shi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne kwanakin da ka ƙara a kan wa'adinka. Na san amsarka: a wurinmu ba a barin gonar gayya sai an ga ƙarshenta. To, masu hatimin kan iyaka ba 'yan garinmu ba ne. Ka rubuto min yadda kuka ƙare da su.

Ka riƙa cin abinci mai zafi, ba burodi da cuku a tsaye ba.

Taka har kullum,
Milunka

Girka, ƙarshen Yuli

Radoje nawa,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta gida, duk da dai ba ka cancanci gaisuwa ba.

Wasiƙarka ta zo. Shekara biyu ba ka ba shiga ƙasar nan! Kuma har kana ba ni labari da alfahari, wai ka tsaya ka yi wa jami'in bayanin gayya, ka nuna masa kantar hannunka. Kai dai ba ka da dama. Mutum ya tambaye ka dalilin wuce wa'adi, maimakon ka ce gwiwa ce ta kwantar da kai, sai ka ce aiki ne bai ƙare ba. Na yi fushi har na kasa cin abincin rana, daga baya na zauna a gindin rijiya na yi dariya, dariyar ta koma kuka. Da ka yi ƙarya, da ba kai ba ne.

Ban zauna haka ba. Na hau mota na je ofishin baƙi a birni. Wata yarinya na samu, sa'ar Gordana, mai haƙuri. Ta ce akwai takardar izinin aikin sa-kai, amma sai ƙungiya mai rajista ce ta gayyace ka, kuma tun daga gida ake nema. Na ce Stamatia ce ta gayyace mu. Ta ce Stamatia ba ƙungiya ba ce. Ta tambaye ni ko ina taɓa aiki a gonar, ni da nake zaginka sai ga shi na ce ƙwarai kuwa, tun asuba. Ta ce ana biyana? Na ce Allah ya kiyaye, ci da kwana ne dai, kamar kowace gayya. Ashe a wurinsu ci da kwanan ma ana iya lissafa su a ladan aiki. Yarinyar ta sassauta murya ta ce, “Mama, ban ji wannan ba. Ke baƙuwa ce, shan iska kika zo.” Shan iska, Radoje! Na dubi tafin hannuna na yi mata godiya na fito.

Rana tana ƙuna sosai. Na rasa dashe huɗu, sauran suna nan da ransu muddin guga na hannuna. Stamatia na zama a inuwa tana kiran kowane layi da sunan wanda ya fara dasa shi a da: na mahaifinta, na mijinta, na ƙanenta da teku ya ci. Ban gaya mata cewa ba mai karɓata a Satumba ba tukuna.

Ina kewarka, tsoho. Na faɗa, kada ka sa in maimaita. Har tarin nan naka na safe da ke hana ni sakat nake nema.

Matarka,
Milunka

Girka, Satumba

Maigidana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kai da gwiwarka kun shirya. Na ji daɗi da Gordana ta zo ta taya ka gasa tattasai. Na san kun ƙona rabi.

Ka zauna kafin ka karanta sauran. Wa'adina zai cika jibi, kuma babu ko ɗigon hadari a sama. Tsofaffin ƙauyen sun ce ruwa sai Oktoba, wataƙila ma ƙarshenta. Na bi gida gida neman wanda zai karɓi guga. Duk wanda ya rage a nan ya girme ni, kuma kowa na fama da tasa ƙonanniyar gonar. Idan na tafi jibi, aikinka da nawa ya tafi a banza, amma zan iya dawowa a Disamba. Idan na tsaya, irin hatimin da aka buga maka zan samu.

Shekaranjiya na gaya wa Stamatia komai. Ta kama hannuna ta ce, “Ki tafi, 'yata. In kin tafi yanzu za ki dawo ki same ni. Shekara biyu kam ba ni da ita.” Na ce to, na haɗa jakata.

Washegari na fito ban gan ta a inuwarta ba. Can na hango ta a layin mijinta, sanda a hannu ɗaya, guga da ruwa bai kai rabi ba a ɗayan, tana ja tana hutawa. Ba ta kira ni ba, ba ta so ma in gani. Na je na karɓi gugan. Ba ta hana ni ba, da na koma ɗaki na kwance jakar.

Kada ka yi min dariya, na san duk abin da na faɗa maka a kan taurin kai. Hukuncin da za su yanke min shi ne in zauna kusa da kai shekara biyu, kuma Allah ya sani ba abin da zuciyata ke so kamar wannan. Amma ka ga abin da zan biya.

Kowace safiya ina ɗaga kai in dubi sama, Radoje, ban san me zan roƙa ba. Ranar da aka yi ruwa zan kamo hanya in zo gare ka, kuma ranar ce zan yi wa Stamatia ganin ƙarshe.

Ka jira ni, ka kula min da kanka.

Ni ce taka,
Milunka