Batirin da Hutu Ya Kashe

Zuwa ga Alhaji mai sayar da motoci a hanyar GRA, Katsina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan iyali da kasuwa lafiya. Ni ne malamin firamaren nan mai ritaya daga Ƙofar Sauri, wanda ya juye maka kuɗin sallamarsa kaf, ya ɗauki motar nan mai aiki da fetur da batir.

Na ɗaya, ka ce batirinta yana kai shekara takwas zuwa goma. Ni kuwa mutum ne mai tattali, babbar rigar aurena har yau tana cikin adaka ba ta koɗe ba. Sai na yi lissafi: in ranar Sallah kaɗai motar za ta fita, batirin zai riski jikokina. Na lulluɓe ta da tamfol, na koma hawan acaɓa. Wata bakwai ban tayar da ita ba.

Na biyu, ranar da za mu biki Ƙofar 'Yandaka na buɗe ta. Da yake ka ce ko ta tashi ba a jin ƙararta, muka zauna ciki ni da maiɗakina kusan rabin awa, ina riƙe da sitiyari, maƙwabta suna yi mana Allah ya kiyaye hanya, ashe ko tashi ba ta yi ba. Na ji kunya, Alhaji. Bakanike ya duba ya ce irin wannan batir zama ne ke kashe shi, kuma ya riga ya cinye shekara bakwai a Turai kafin ya zo hannuna. Wannan ba ka faɗa mini ba.

Na uku, kuɗin sabon batir sai na sayar da gonar gadonmu, wadda ita ke ciyar da mu. Na gwanjo kuma babu wanda ya san shekarunsa. Ragon layya ma ana duba haƙoransa, batir kuwa ba shi da baki.

Roƙona biyu ne. Ka rubuta a gilashin kowace mota cewa ba ta son hutu, saboda masu tattali irina. Sannan ka ɗauki rabin kuɗin batir, ko ka karɓi abarka.

Gonar dai ba zan sayar ba. Geron bana ma a cikin motar muka zuba shi, ɓera ba ya shiga. In za ka aiko a ɗauke ta, a zo da buhu goma sha biyu, don rumbu mafi tsada a Katsina ka sayar mini.

Allah ya ƙara buɗi, ya ba ka tsawon rai wanda ba a ci rabinsa a Turai ba.

Wassalam.
Malami mai ritaya, Ƙofar Sauri.