Muryar Baba a Rumbun Jama'a

Fatakwal

Zubaida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Inna.

Jiya Uzoma, ɗan mai kayan babur na bakin tashar Daura, ya turo min tallar wani maganin shanu, ya ce in saurara. Muryar Baba na ji! Mutumin da ke kabari, an yayyanka maganarsa an jona, yana yabon maganin da bai taɓa gani ba. Na bincika, aka ce ke kika saka muryarsa a intanet. Wa kika shawarta? Ubanki ne ke kaɗai? Ki cire ta yau.

Ki gaida Inna.
Yayanki, Sada

Daura

Yaya Sada,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna tana gaishe ka.

Tallar ta fi ƙona min rai, kuma na kai ƙarar masu ita. Amma tunda ka tambayi wa na shawarta, Baba na shawarta. Shi da bakinsa ya ce in ɗauki bayaninsa kan cututtukan shanu irin su boru da sammore da ciwon hanta, kada aikinsa na malamin dabbobi ya bi shi ƙasa. Yana tari yana magana, ina riƙe masa waya. Kai kana ina?

Na haɗa manhaja mai ɗauke da bayanan nasa, na miƙa ta rumbun manhajojin tsarin wayar nan na kyauta da 'yan sa-kai ke kula da shi, don tsarin ne ke aiki a tsofaffin wayoyin da makiyaya ke saye a kasuwar Mashi. Masu tantancewa suka yi ta dawo min da ita ina gyarawa. Sharaɗinsu shi ne kowa na iya kwafa. Na faɗa wa Baba, ya ce to.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Zubaida

Fatakwal

Zubaida,

Salam. Kada ki sake yi min gorin jinya, aiki ne ya riƙe ni, kin sani. Kuma mara lafiya ya ce to, sai ki ce ya fahimci lasisin kwamfuta? Ke kika fahimta, kika buɗe wa ɓarayi ƙofa. Na ce ki cire.

Sada

Daura

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na rubuta wa masu rumbun. Sun ce za su sauke manhajar in na tabbatar musu, amma abin da aka riga aka kwafa ya tafi ke nan. Ma'ana ta gaskiyar za ta ɓace, ta ƙaryar ta ci gaba da yawo. Ranar Laraba wani makiyayi ya zo daga Dutsi, ya ce bayanin Baba ne ya sa ya ware saniyarsa kafin ta shafa wa sauran. Inna ta yi kuka, ta ce ba ruwanta, mu biyu mu ƙarata.

Kai ne babba. Ka ce in tabbatar, in tabbatar, amma kai za ka ɗauki alhakin.

Zubaida

Fatakwal

Zubaida,

Salam. Har yanzu ina fushi, don ya kamata ki gaya min. Kada ki tabbatar. Ki sa Uzoma ya aiko min da tsohuwar waya mai manhajar. Ban taɓa jin ta gaskiyar ba.

Yayanki